Fashin baƙi: yadda ake kwashe fim daga faifai zuwa kwamfuta tun faifan bai mutu ba

Kwanakin baya Hajiyarmu ta ce in lalubo mata faifan bikin yayata. Ba don bikin ba, Baffa take son gani, ƙanin mahaifinmu da ya yi waliccin auren, wanda ya rasu shekaru kaɗan bayan nan, Allah ya jiƙansa. Na san inda faifan yake: wani kwalin takalmi a saman wadirob, cike da faya-fayai, wasu cikin leda, wasu haka nan suna gugar juna. Akwai na biki, na suna, na saukar karatu, ga tafsirin azumi, ga fina-finan Hausa da na Indiya. Na'urar DVD ta gidan ta daɗe da mutuwa, mai gyara ya ce idonta ne ya tafi. Kwamfutata ta hannu kuwa ko ƙofar saka faifai ba ta da ita. Sai da na aro na'urar karanta faifai ta waje, irin wadda ake jonawa ta USB, sannan muka zauna.

Faifan ya tashi lafiya lau. Muka ga rumfa, muka ga tabarmi, muka ga yara suna leƙen kyamara. Can wajen minti na 20 sai hoton ya fara farfashewa, murya ta yi wata irin ƙara ta tsinke, faifan ya cije. Na ciro shi na ɗaga a hasken taga, sai ga zane-zane ko'ina, ga kuma wani tabo a gefe kamar inda ruwa ya taɓa kwanciya. Kwana biyu na yi ina fama kafin na ceto mafi yawansa. Wasu mintuna sun tafi, kuma ba su da wani kwafi a duniya.

Da yawanmu mun ɗauka faifai abu ne mai dawwama. Ba haka ba ne, musamman irin waɗanda suka cika gidajenmu. Faifai iri biyu ne. Akwai na kamfani, wanda inji ya buga bayanansa a jikin roba aka shafe da siririn ƙarfe, bayansa fari kamar azurfa. Wannan yana da juriya. Akwai kuma wanda aka yi bonin ɗinsa a kwamfuta, wato CD-R ko DVD-R, wanda za ka ga bayansa ya yi shuɗi-shuɗi, kore-kore ko ruwan makuba. Shi wannan wani rini ne a cikinsa, hasken leza ya bi yana ƙona ɗigo-ɗigo, ɗigon nan su ne fim ɗin. Rini kuwa kowa ya san halinsa da zafi da rana da raɓa: dusashewa yake yi. Faifan bikinka, da na saukar ɗanka, da wa'azin da aka ɗauka a masallacin unguwa, kusan duk irin wannan ne. Ga shi kuma na'urorin karantawar suna janyewa daga kasuwa. Kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo ta kaset, Funai na Japan, ya daina a 2016, kuma kowa ya ga yadda neman mai aiki ya zama wahala yanzu. Hanyar da faifai ya ɗauka ke nan. Netflix, wanda da aika wa mutane DVD ta gidan waya ya fara, ya rufe wannan ɓangare a watan Satumba na 2023.

To, abin da ke rikita mutane a wannan aiki shi ne sun ɗauke shi abu guda, alhali aiki biyu ne daban. Na farko ɗebowa: ka kwaso abin da ke cikin faifai ka zuba a kwamfuta yadda yake, ba ragi ba ƙari. Na biyu matsewa: ka ɗauki abin da ka ɗebo ka sake sarrafa shi ya ƙanƙance, don ya shiga waya ko filash. Na farko kamar kwashe hatsi ne daga rumbun da ke yoyo zuwa sabon rumbu. Na biyu kamar surfe ne da niƙa da tankaɗe: gari ya fi sauƙin tuƙawa, amma abin da ya tafi a dusa ya tafi. Wanda ya je shagon masu tura fina-finai aka matse masa faifan bikinsa zuwa mega 200, ya yar da faifan, ya riƙe gari ne ya zubar da hatsi. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: a fara ɗebowa a ajiye, matsewa ta biyo baya in an ga buƙata. Faifai ne ke kan gargara, matsewa kuwa ko baɗi ana iya yinta.

Kafin ka taɓa komai, buɗe faifan a kwamfuta ka ga abin da ke ciki, domin sunayen foldojin za su gaya maka irinsa. Idan ka ga folda mai suna MPEGAV, a cikinta akwai fayil kamar AVSEQ01.DAT, to VCD ne. Wannan tsari ya fito a 1993, kuma shi ya ɗauki fina-finan Hausa da yawa bayan zamanin kaset. Hotonsa ƙarami ne, ɗigo 352 a faɗi, 288 a tsaye, kuma kowane minti yana cin kusan mega 10. Faifai ɗaya bai wuce minti 80 ba, shi ya sa dogon fim sai an raba shi faifai biyu. Akwai wani sirri a VCD da ya kamata a sani. Faifan CD na mega 700 ne, amma fim ɗin da ke kansa na iya kai mega 800. Yaya aka yi? An rage wurin da CD ke warewa don gyaran kuskure, aka cusa hoto a gurbinsa. Wannan ne dalilin da zane kaɗan ke sa VCD farfashewa da ƙara: ba shi da isasshen abin da zai cike giɓi da shi.

Idan kuwa VIDEO_TS ka gani, DVD ne. Ya fara fita a Japan a ƙarshen 1996. Mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar giga 4.7, mai shimfiɗa biyu giga 8.5, kuma hotonsa a tsarin da muke amfani da shi a Nijeriya, wato PAL, ɗigo 720 ne a 576, ninki huɗu na VCD. A cikin foldar za ka tarar da fayiloli iri uku. Masu ƙarewa da VOB su ne naman, hoto da murya da rubutun fassara duk a cuɗe. Masu IFO su ne taswira, su ke faɗa wa na'ura inda fim ya fara, inda babi-babi suke, da wace murya ce ta wane harshe. BUP kwafin IFO ne don ko-ta-kwana. A nan mutane da yawa ke yin kuskure: su ga VOB guda huɗu ko biyar su ɗauka fina-finai ne daban-daban, su kwafi ɗaya su tafi. Fim ɗaya ne, ƙa'idar DVD ce ta ce kada fayil guda ya wuce giga 1, sai aka yanka shi gunduwa-gunduwa, kuma yankan na iya faɗawa tsakiyar magana. Blu-ray, wanda ya zo a 2006 da giga 25 ko 50, foldarsa BDMV ce, kuma sai da na'urarsa ta musamman domin na'urar DVD ba ta karanta shi. Bai yi yawa a hannun mutanenmu ba, don haka ba zan daɗe a kansa ba.

Yanzu sai batun makulli. Faya-fayan manyan kamfanonin fim na Amurka da Turai ba sa kwafuwa kai tsaye. Za ka ja fayil ɗin, ko kwamfuta ta ƙi, ko ta kwafo abin da in ka buɗe sai dagwalon launi. An hargitsa bayanan ne da wani tsari da ake kira CSS, na'urar da ke da lasisi kaɗai aka bai wa mabuɗi. Makullin bai yi ƙarko ba. A watan Oktoba na 1999 wata 'yar manhaja mai suna DeCSS ta bayyana a intanet tana buɗe shi, kuma cikin waɗanda suka haɗa ta akwai wani yaro ɗan ƙasar Norway, Jon Lech Johansen, yana da shekara 15. An gurfanar da shi, kotu ta wanke shi a farkon 2003, kotun ɗaukaka ƙara ta sake wanke shi a ƙarshen shekarar. Tun daga lokacin ta fuskar fasaha makullin ya zama hoto, amma ta fuskar doka yana nan daram. A Amurka wata dokar haƙƙin mallaka ta 1998 ta haramta karya irin wannan makulli ko da faifan naka ne. A Ingila an halatta wa mutum kwafar abin da ya saya don amfanin kansa a 2014, kotu ta soke halaccin a 2015. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ita ma ta shigo da tanadi a kan karya makullan fasaha. Saboda haka wanda zai taɓa faifan kamfani ya san dokar inda yake zaune.

Akwai makulli na biyu, na yanki. An raba duniya shiyya-shiyya: Amurka 1, Turai da Saudiyya da Masar 2, Nijeriya da Nijar da Ghana da Indiya 5. Na'urorin falo masu araha galibi ba ruwansu da wannan, komai ka ba su ci suke, shi ya sa da yawa ba su taɓa jin labarin ba. Na'urar kwamfuta kuwa tana iya tambayar ka ka sauya mata yanki, kuma sau 5 kawai take yarda, daga nan ta tsaya a kan na ƙarshe. Kada ka riƙa danna amincewa ba tare da ka karanta ba.

Sauƙin da muka samu shi ne faya-fayan da suka fi daraja a wurinmu ba su da ko ɗaya daga cikin makullan nan. Mai ɗaukar bidiyon biki bai sa CSS ba, VCD ma ba a yi shi da wannan tsari ba. Amma rashin makulli ba izini ba ne, kuma wannan magana ina yinta da gaske. Faifan bikin gidanku naku ne. Fim ɗin da wani ya sayar da filinsa ya shirya, ba naka ba ne da za ka ɗora a YouTube ko ka riƙa turawa mutane kana karɓar kuɗi. Duk wanda ya san yadda kasuwar fina-finai ta Ƙofar Wambai take a da, ya kuma ga yadda sayar da faifai ya durƙushe, ya san satar fasaha na cikin abin da ya karya mutane da yawa a harkar. Haƙƙi ne, ko hukuma ta gani ko ba ta gani ba. In ka tsinci tsohon fim da ya ɓace a kasuwa ka ceto shi, ka yi aikin alheri, sai ka nemi mai shi ko magadansa ka ba su. Mai yiwuwa su kansu ba su da shi.

Mu dawo kan ɗebowa. Ga VCD, ka kwafi fayil ɗin DAT zuwa kwamfuta, manhajar kallon bidiyo ta VLC za ta buɗe shi, sau da yawa ma in ka sauya ƙarshen sunan zuwa mpg sauran manhajoji za su karɓa. Ga DVD marar makulli, ka kwafi foldar VIDEO_TS gaba ɗayanta, har da IFO da BUP, ko ka ɗauki hoton faifan sukutum a fayil guda da ake kira ISO, wanda ke riƙe komai har da allon zaɓi na farko. Hanya ta uku, wadda na fi so, ita ce manhajar MakeMKV. Tana karanta taswirar faifan, ta haɗe gunduwoyin VOB, ta zuba fim ɗin a fayil ɗaya na bidiyo, irin wanda ake kira MKV, ba tare da ta taɓa ingancin hoto ko murya ba. Ɓangarenta na DVD kyauta ne. Za ta nuna maka jerin abubuwan da ke cikin faifan da tsawon kowanne. Galibi mafi tsawo shi ne fim ɗin, gajerun talla ne ko ƙarin bayani. Faifai mai lafiya yakan ɗauki kamar minti 15 zuwa rabin awa. Fayil ɗin zai fito da nauyi, giga 4 zuwa 8, kuma haka ya kamata. Rumbun ajiya na waje mai tera 1 zai ɗauki faifai mai shimfiɗa ɗaya kusan 200.

Faifai mai ciwo shi ne inda ake buƙatar haƙuri. Abu na farko, daina goge shi a jikin riga. Ƙurar hunturu da ke kansa yashi ce, kana gogawa kana ƙara masa zane. Ka wanke shi da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, ka tsane da ƙyalle mai laushi, kuma ka riƙa shafawa daga ramin tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Dalili shi ne bayanan a jere suke kan layi guda da ya nannaɗe daga tsakiya zuwa waje, wanda a DVD tsawonsa ya haura kilomita 11. Zanen da ya ratsa layin a gicciye ɗan kaɗan yake ci daga kowane zagaye, na'ura na iya cike giɓin. Zanen da ya bi layin a kwance kuwa dogon bayani yake shafewa a jere. Fetur da kananzir kada su kusance shi, suna cin robar. Sannan ka kula da saman CD da VCD, gefen rubutu: bayanan suna dab da wannan fuskar, ƙarƙashin siririn fenti, don haka ƙarzanen biro a sama ya fi zanen ƙasa illa. DVD ya fi samun kariya domin roba biyu aka manne, bayanan suna tsakiya.

In ka wanke ya ci gaba da cijewa, gwada wata na'urar. Wannan ita ce dabarar da ta cece ni: abin da ido ɗaya ya kasa gani, wani idon ya gani. Matsalar kwafi na yau da kullum ita ce da ya ci karo da wuri ɗaya marar kyau sai ya watsar da aikin duka. Akwai manhajar ddrescue da aka yi don irin wannan, tana aiki a Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Tana fara kwashe duk inda ke karantuwa, ta tsallake wuraren ciwo tana rubuta inda suke, sannan ta dawo tana lallaɓa su ɗaya bayan ɗaya. Kana iya tsayar da ita, ka sauya na'ura, ta ɗora daga inda ta tsaya. Wanda bai saba da Linux ba ya nemi wanda ya saba, faifan da ba shi da na biyu ya cancanci wannan wahala. Wani abu kuma: faifan da aka ɗauka da kyamara mai cin ƙaramin DVD, ko na'urar naɗa ta falo, in ba a rufe shi ba bayan an gama ɗauka, kwamfuta na iya nuna shi kamar babu komai a ciki. Kada ka yar, kada kuma ka yarda in ta ce za ta share shi ta shirya maka. Hoton yana nan, rufewa ce ba a yi ba, kuma irin na'urar da ta naɗe shi na iya ƙarasawa.

Sai matsewa. A nan ma akwai abu biyu da ake cakuɗawa: mazubi da salon matsi. MP4 da MKV mazubai ne kawai, kamar kwano da ƙwarya. Abin da ke ciki shi ne hoton da aka matse da wani salo, wanda ake kira kodek. VCD na amfani da MPEG-1, DVD na amfani da MPEG-2, na zamani su ne H.264 da ya fito a 2003, da H.265 na 2013. Shi ya sa za ka ga fayil biyu duk MP4, talabijin ta buɗe ɗaya ta ƙi ɗaya: kwanon iri ɗaya ne, tuwon ne ya bambanta. Wanda ke son fayil ya buɗu a tsohuwar waya, da talabijin mai ƙofar filash, da kwamfutar kowa, ya zaɓi H.264 a cikin MP4. H.265 ya fi ƙanƙanta fayil, amma yana ɗaukar lokaci kuma tsofaffin na'urori da yawa ba su san shi ba.

Yaya matsin yake aiki? Bidiyo hotuna ne 25 a kowace daƙiƙa. In da za a ajiye kowanne cikakke, awa ɗaya ta ingancin DVD sai ta haura giga 50. Maimakon haka sai a ajiye cikakken hoto guda, a bi shi da bayanin abin da ya sauya kawai. Ɗauki malami yana tafsiri: bango bai motsa ba, teburi bai motsa ba, baki da hannu ne ke aiki, don haka bayanin kaɗan ne, fayil ya fito ƙarami kuma tas. Ɗauki filin kamu ko hawan sallah: kowa na motsi, ƙura na tashi, mai kyamara na juyawa, ga atamfa da leshi masu ƙananan zane. Komai sauyawa yake, kuma in ka takura wa fayil ɗin, a nan za ka ga fuskoki sun dame. Saboda haka kada ka ce wa manhaja lallai sai ta ba ka mega kaza. Ka faɗa mata ingancin da kake so, ita ta nemi girman da ya dace.

HandBrake ce manhajar da aka fi yin wannan da ita. Kyauta ce, tun 2003 take, kuma ita da kanta ba ta karya makulli. Tana da ma'aunin inganci da ake kira RF, wanda lissafinsa a juye yake: ƙaramar lamba, inganci mai yawa da babban fayil. Ga DVD, tsakanin 18 da 22 ya wadatar, ni a kan 20 nake tsayawa. Duk matakai 6 da ka ƙara, fayil na raguwa kusan rabi, hoto kuma yana biyan kuɗin. Fim na awa biyu yakan dawo giga 1 zuwa 2. Kafin ka saki aikin duka, matse minti ɗaya daga wuri mai yawan motsi ka kalla. Aikin yana dafa kwamfuta sosai, don haka ka ɗora ta a teburi ba kan katifa ba, kuma ka tabbata batir ya cika, domin in aka ɗauke wuta ta mutu a tsakiya sai dai a sake daga farko.

Akwai tarko uku da ke ɓata aikin mutane ko da sun saita inganci daidai. Na farko, haƙoran matsefi. Kyamarorin da aka ɗauki bukukuwanmu da su suna raba kowane hoto gida biyu, layukan mara da na cika, su ɗauke su a lokuta mabambanta, domin haka tsohuwar talabijin mai ƙeya ke nunawa. A allon kwamfuta da waya sai ka ga gefen duk abin da ke motsi ya yi tsaga-tsaga. HandBrake na da tacewa mai suna Decomb da ke gyara wannan. Ka bar ta a kunne, domin in ka matse da tsagar a jiki, cire ta daga baya wahala ne. Na biyu, fasalin allo. DVD na ajiye hoto mai faɗi da mai kusan murabba'i duk a ɗigo 720 a 576, sai wata 'yar alama ta gaya wa na'ura yadda za ta buɗe shi. In alamar ta ɓace, mutane su yi tsawo su rame, ko su gajarce su yi faɗi. Dubi tayar mota ko faranti a cikin hoton: in ba da'ira ba ce, da gyara. Na uku, gudun hoto. Faifan Amurka kusan hoto 30 yake tafiya a daƙiƙa, namu 25. Ka bar shi yadda ya zo, sauyawa na kawo tsalle-tsalle.

Murya da fassara su ma a duba su. DVD na iya ɗaukar murya har 8 da rubutun fassara har 32, kuma manhaja takan ɗauki na farko ta bar sauran in ba ka zaɓa ba. Rubutun fassarar DVD ba haruffa ba ne, ƙananan hotuna ne ake ɗorawa a kan fim. MKV na riƙe su yadda za ka kunna ko ka kashe. In MP4 za ka yi don talabijin, ya fi sauƙi ka sa a manna rubutun a jikin hoton dindindin. Ga murya, AAC ce kowace na'ura ke ji.

Wata magana da nake son ta zauna: matsewa ba ta ƙara kyau. Wanda ya ce zai mayar maka da VCD ya zama HD, buɗa hoton kawai zai yi. VCD ɗigo dubu 100 da 'yan kai ne, cikakken HD ya haura miliyan 2. Ragowar ba su cikin faifan, babu inda za a samo su. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake tallatawa yanzu cike giɓin suke da hasashe, kuma a fuskar mamaci hasashe na iya ba ka mutumin da ba shi ba. Ni ban yarda a yi wa faifan tarihi haka a kuma yar da na asali ba. VCD ma in ba dole ba kada a matse shi sam: ƙarami ne tun asali, kuma an riga an tankaɗe shi sau ɗaya.

Ajiya ita ce ƙarshen aikin, kuma nan ake yawan sakaci. Filash da memori ba ma'ajiya ba ne, abin ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can. Suna mutuwa ba sallama, ga na jabu da ke nuna giga 64 alhali cikinsu bai kai haka ba, sai ka zuba kaya ka dawo ka tarar fayilolin ba sa buɗuwa. In filash ya ƙi karɓar fayil alhali da sauran wuri, tsarinsa FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya haura giga 4. Sai a mayar da shi exFAT, bayan an kwashe abin da ke ciki domin sauyin yana share komai. Abin da ba shi da na biyu a yi masa kwafi uku: a kwamfuta, a rumbun waje, da wani a gidan ɗan'uwa ko ma'ajiyar intanet. In za ka tura wa dangi ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, wato Document, ba bidiyo ba, in ba haka ba manhajar za ta sake matse shi. Faifan kansa a mayar da shi gidansa, a tsaye, a inuwa. Kuma kafin ka ce ka gama, buɗe fayil ɗin ka duba farko, tsakiya da ƙarshe, ka tabbata baki da murya suna tafiya tare.

Sunan fayil kuma, tun ran gini tun ran zane. AVSEQ01 ba zai gaya wa jikanka komai ba. Ka rubuta shekara, da taron, da garin. Ni na ƙara da wani abu: na buɗe ɗan fayil na rubutu kusa da bidiyon, na zaunar da Hajiya, ina tsayar da hoto tana faɗa mini sunaye. Wannan wance ce ƙanwar kakarku, wancan mai farar hula maƙwabcinmu ne na tsohon gida, ga Baffa nan a minti na 34 yana gyara babbar riga kafin a shafa fatiha. Mutum 11 ta ambata waɗanda ban san su ba, na rubuta kowanne da mintin da ya bayyana.